Matar da Ke Dama Teku

Kwana uku da fitar Sanneng daga takaba, ta sauka ƙarƙashin gidan Daeng Rannu neman aikin ɗaurin iri. Nan matan unguwa ke zama tun hantsi, cikin inuwar dirkokin da suka ɗaga gidan sama. Ga tulin ciyawar teku a tsakiya tana ɗigar ruwa, kowace mace da doguwar igiya a cinya, ta tsinko reshe ta ɗaure, ta matsa kaɗan ta sake ɗaurewa. Sanneng ba ta taɓa yi ba. Mijinta mai gyaran kwale-kwale ne, kuma har zazzaɓi ya yi ajalinsa bai bar ta ta nemi na kanta ba. Yanzu kuwa ba shi, ba ɗa, sai tukunya, ita kuwa tukunya ba ruwanta da takaba.

Matan suka yi ta yi mata gaisuwa, gaisuwar ta koma tambaya. Me ya ce a ƙarshe? Za ta koma gidan iyayenta ne? Kayan aikinsa fa, wa aka bar wa? Tana amsa wanda za ta iya, kanta a sunkuye. Kafin azahar gishiri ya tsattsage mata yatsu, ta riƙa ɓoye su cikin zane tana matsewa. Daeng Rannu, mai gidan, ita kaɗai ce ba ta tambaye ta komai ba. Can sai ta miƙe, ta hau tsani, ta sauko da man kwakwa a ɓawo, ta zauna gaban Sanneng ta jawo hannunta. Yatsa-yatsa ta bi ta shafe, har tsakanin farce da nama.

"Kina shaƙe shi kamar kin kama ɓarawon kaza," in ji ta. "Sassauta ɗaurin, ƙanwata. Abu ne mai rai, ƙiba zai yi. Bar masa wuri."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Wata huɗu da kwana goma mutane suna yi wa Sanneng wa'azin haƙuri, amma ranar ce mutum ya fara riƙe mata hannu.

Daeng Rannu a lokacin ta haura sittin. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin tafin ƙafa, kullum fuskarta da kwaɓin garin shinkafa saboda rana, malafarta ta ci baki ta gefe ɗaya. A Ujung Bori aka haife ta, kuma iyakar tafiyarta birnin Makassar, sau biyu, duka don asibiti. Mijinta, marigayi Daeng Lallo, yana cikin waɗanda suka fara kawo ciyawar teku gaɓar nan. A jiƙaƙƙen buhu ya ɗauko ta daga wani tsibiri mai tafiyar kwana biyu, yana yayyafa mata ruwa duk hanya. Ita ciyawar nan ba ta da ƙwaya. Reshe ake yankewa a ɗaura a igiya, a kai teku, bayan kwana arba'in da biyar ya yi kai guda, a girbe, a shanya, a ware wani reshen a mayar. Don haka wadda ke lilo yau a igiyoyin Daeng Rannu ita ce dai wadda mijinta ya sauke daga jirgi, ba jikanyarta ba, ba tattaɓa-kunnenta ba. Launinta baƙi-baƙi da ja, kamar hanta. Daga baya 'yan kasuwa suka kawo wani iri kore mai saurin ƙiba, kowa ya koma can. Ita ba ta koma ba.

Dalili yana wurin ɗanta. 'Ya'ya huɗu ta haifa, Sangkala kaɗai ya rayu. Yana da shekara ashirin da uku ya bi samarin da ke tafiya tsibirin Nunukan na bakin iyaka neman aiki. Ranar tafiyarsa ya shiga ruwa ya kafa mata sabon turken gora inda igiyoyinta ke farawa, ya sa wuƙa ya yi masa tsaga uku.

"Mama, ki riƙe mini irin Baba," ya ce. "In na sami na injin jirgi zan dawo. Kada in zo in tarar da koren nan na 'yan kasuwa, wallahi sai in juya."

"Juya mana, mai kan kwakwa," ta ce da shi. "Wa ya riƙe ka?"

Shekara biyu yana kiran waya. Sai aka ji ya ƙetara iyakar ƙasa zuwa Sabah. Daga nan kira ya ragu, ya zama na salla zuwa salla, sannan lambar ta daina shiga. Lokacin da Sanneng ta fara zama ƙarƙashin gidan, an yi shekara bakwai ba a ji muryarsa ba. Daeng Rannu ba ta ambatonsa. Amma Sanneng mai kallo ce, ba mai magana ba, kuma ba a yi mako ba ta lura da wani abu. Duk lokacin da motar Makassar ta rage gudu a bakin titi, hannun tsohuwar yakan tsaya cak a kan igiya. Ba ta ɗaga kai, ba ta waiwaya. Sai motar ta wuce, ko an ji muryar wanda ya sauka, sannan yatsun su ci gaba.

A garin kuwa ba da wannan aka san ta ba. Ɓauna ake kiranta, manya a gabanta, yara a bayan ido. Sunan ya samo asali ne tun wata shekara da aka yi zafi, ciyawar kowa ta koɗe ta yi fari. A cikin igiyoyinta guda tara, ɗaya ce tak ta riƙe launinta. Wani zai ce sa'a ce ya wuce. Ita sai ta zauna a kwale-kwale kwana da kwanaki tana kallon igiyar nan, tana neman abin da ya raba ta da sauran. Ashe ita ce mafi kusa da mashigar kogi, inda ɓaunayen noma na maƙwabcinta Daeng Ngalle ke shiga birgima kullum da la'asar. In sun tattake laka, ruwan teku ya ciko gaɓa ya kwaso duhun, ta kan igiyar nan yake bi.

Ba ta da ɓauna, sai ta zama ɓaunar kanta. Ta samo gungumen kwakwa tsawon mutum, ta naɗe shi da tsohuwar sarƙar angar jirgi, ta ɗaura igiya ta rataya a ƙirji. Duk lokacin da teku ta kwanta, ruwa ya yi garau har ana hangen ƙasa, sai ta jira ya fara cikowa, ta shiga har ƙugu, kamar taku arba'in daga igiyoyinta, ta yi ta jan gungumen nan kai da kawo. Laka ta taso baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai nauyin ta koma ƙasa nan kusa, abin da ke isa wurin ciyawa kuwa launinsa kamar ruwan wankin shinkafa. Washegari ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta karkaɗe duk abin da ya kwanta a kan rassan.

Ranar da Sanneng ta fara raka ta, abin ya ɗaure mata kai, har ta yi ƙarfin halin tambaya.

"Daeng, ba lakar nan ce muke wahalar karkaɗewa kullum ba? Kowa cewa yake ita ke kashe ciyawa. Me ya sa kike tayar da ita da hannunki?"

Tsohuwar ta tsaya tana haki, ta share goshi da bayan hannu, ta bar zanen laka a wurin.

"In kin dafa miyar kifi ta huce, kika zo kika ɗebi ta sama ba ki juya ba, me kika ba baƙo?"

"Ruwa."

"To. Duk abin da ya mutu a tekun nan, da abin da kogi ya kwaso daga gonakin shinkafa, ganye ne, kashin dabba ne, ina kike tsammani yake zuwa? Ƙasa yake sauka. Ya ruɓe a can ya zama taki, sabuwar laka ta zo ta rufe. Iskar yamma ita ce ludayi. Ba kya gani in ta zo ruwa ya yi ja, bayan mako guda ya koma kore-kore, ƙananan kifi su cika ko'ina? Juyawa ta yi. In ba ta zo ba, tukunya na nan cike, 'ya'ya na zaune da yunwa. Lakar da ta kwanta a kan reshe, gaskiya ne, shaƙe shi take yi. Ni ba laka nake ba su ba. Romon nake aika musu."

"Wa ya koya miki?"

"Ɓaunar Daeng Ngalle. Ta fi mai ita hankali."

Sanneng ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar mijinta, har ta ji kunya ta rufe baki da gefen mayafi.

Shekara huɗu suna tare kafin shekarar da har yau ake kwatance da ita. Iskar gabas ta ɗauke kan lokacinta, ta yamma kuwa ta ƙi zuwa. Ba ruwan sama, ba motsi. Teku ta kwanta kamar an zuba mai a faranti. Rana in ta fito, mutum yana zaune a kwale-kwale yana iya ƙirga ƙafafun ƙaguwa a ƙasa. Baƙi daga birni suna tsayawa a bakin titi suna ɗaukar hoto, suna cewa ba su taɓa ganin ruwa mai kyau haka ba. Ciyawa kuwa ta fara fari daga tsakiyar reshe, ta yi laushi, in an taɓa ta gutsure ta nutse.

Bayan sallar Juma'a maza suka tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro suka yanke shawara. Cuta ce, in ji su, kuma cuta daga ƙazanta take zuwa. Ruwan kusa da kogi ya gurɓace, a kwashe igiyoyi a kai bayan tsaunin bakin teku, inda ƙasa farin yashi ne kuma ruwa tas kamar na randa. Ba wawaye ba ne. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna karkaɗe laka daga ciyawa da hannunsu, in ta kamu da ciwo ai wanka za su fara yi mata tunani. Kwana biyu ana tumɓuke turaku, ana jan igiyoyi, robobin da ke riƙe su a saman ruwa suna ƙara a bayan jirage. Gaɓar ta zama fayau, sai igiyoyi bakwai na Daeng Rannu da turken gora mai tsaga uku.

Daeng Ngalle ne na ƙarshen tashi. Dattijo ne mai tumbi, mai son tsokana, sa'an marigayi mijinta. Ya kashe injin ya matso kusa da ita tana tsaka da jan gungume.

"Ɓauna! Yau ma wanka ake yi? Ki zo mu tafi, Daeng Rannu, don Allah. Kowa na guje wa ƙazanta, ke kina ƙara dama ta."

"Sauka lafiya, Daeng Ngalle. Ka gode wa Allah da ba iska bana, zanenka ya huta da tona maka asiri."

"Za ki kashe irin mutumin nan da taurin kai."

"In ya mutu ni zan yi masa bayani, ba kai ba."

Ya girgiza kai ya tayar da injin.

Kwana na shida bayan tashinsu, Daeng Rannu ta taka fasasshen ɓawon kawa, dodon koɗin teku, a cikin laka, ya tsaga mata tafin ƙafa tun daga dunduniya. Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta wanke ta ɗaure, ta ce in ta sake sa ta a laka, to, ta shirya rabuwa da ita. Da Sanneng ta zo da safe ta tarar da ita zaune a kan tsani, igiyar gungumen a cinya, tana kallon teku. Ba ta roƙe ta ba. Ba irin mutanen da ke roƙo ba ce. Sanneng ta tsaya jim, tana tuna cewa ita tun tana yarinya ba ta son a kalle ta, ko a taron biki bayan mutane take zama. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki igiyar.

Ta ɗora tsohuwar a kwale-kwale, ƙafar a kan buhu, ta tura har wurin. Ta ce bismillah ta sauka. Laka ta haɗiye ta har gwiwa, sanyi a ƙasa, ɗumi a sama. Da ta ja, gungumen bai ko motsa ba.

"Ba da hannu ba, da ƙirji! Kwanta a kan igiyar. Yauwa. Kada ki yi sauri, ba kasuwa za ki ba."

Kafin ta kai ta kawo sau biyar, mayafinta ya zama laka, warin ya shige mata har maƙogwaro. Matan da ke shanya a bakin gaɓa suka hango. Wata ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kira.

"Jama'a ku fito! Ɓauna ta haihu!"

Gaɓar ta ɗauka da shewa. Sanneng ta ji kunnuwanta sun yi zafi, hawaye ya taru mata. Daga cikin kwale-kwale Daeng Rannu ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Rabu da su. Ni shekara goma sha biyar ana yi mini, ga ni ban ragu ba. Juyo ta hagu, kin bar wuri."

Haka suka yi ta yi kullum, a kowace cikowar ruwa ta rana. Ba wai ciyawar ta warke ba. Zafin ya fi ƙarfin gungume ɗaya da mace ɗaya. Kowace safiya sukan jawo igiya su yanke inda ya yi fari su zubar, su sake ɗaure abin da ya rage da launinsa. Bakwai suka koma huɗu. Huɗu suka koma biyu. Daeng Rannu takan ɗauki kowane guntun da za a zubar ta juya shi a tafin hannu, ta duba ko akwai ɗan baƙi ko da tsawon farce ne, in ta samu ta cire da haƙori ta ajiye a kwano. Ranar da biyun suka koma ɗaya, duk irin Daeng Lallo da ya rage a duniya bai cika kwando ba.

Ranar ce Sanneng ta faɗi abin da ke cinta. Tana tsaye cikin ruwa, igiyar ta goge mata kafaɗa har ta yi jini.

"Daeng, in fa su ne da gaskiya? In mu ne muke ƙarasa shi? Ko rabi mu kai can, kada a yi biyu babu."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon igiyar. Wannan ne karo ɗaya da Sanneng ta ga tsoro a fuskarta.

"Ban sani ba, ƙanwata," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Abin da idona ya gani kawai nake bi. In na raba shi biyu, ko wane rabi ya yi kaɗan. Bari mu ƙara kwana biyu."

Ba a kai kwana biyun ba. Washegari da hantsi suka ji ƙarar inji daga bayan tsauni. Daeng Ngalle ne, jirginsa cike da igiyoyi a naɗe, ba ko reshe ɗaya a jikinsu. Ya kashe injin tun daga nesa, ya ƙaraso yana tura jirgin da sanda. Bai yi tsokana ba, bai ma yi sallama da ƙarfi ba. Ya sunkuya ya ɗago igiyar Daeng Rannu, ya matsa wani reshe tsakanin yatsu. Siriri ne, amma da tauri, kuma baƙi.

"Namu ya narke," ya ce. "Duka. Na kowa. Kamar shinkafar da aka manta a wuta da ruwa da yawa. Ruwan can kyau kawai gare shi, ba komai a cikinsa."

"Inna lillahi," in ji Daeng Rannu. "Allah Ya mayar da alheri."

Daeng Ngalle ya juya jirginsa ya tafi. Da la'asar, ruwa ya fara cikowa, Sanneng tana ɗaura igiya a ƙirji, sai ta ji hayaniya daga wajen kogi. Ga Daeng Ngalle ya tattare zane har cinya, yana koro ɓaunayensa uku da tsumagiya, suna tirjewa yana zaginsu har kakanninsu.

"Daeng Rannu! Na kawo miki 'yan'uwanki! Ki faɗa musu inda za su kwanta, ni ba sa jin yarena!"

"Matso da su dama, mai tumbi! Kai ma in ka kwanta a ciki ai ka yi aikin biyu!"

Dabbobin suka ji sanyin laka suka zube, suka shiga birgima. Duhun da suka tayar cikin ɗan lokaci ya fi na yinin Sanneng gaba ɗaya. Ta tsaya tana kallo yana tafiya a hankali, yana washewa, har ya isa igiyar ya lulluɓe ta.

Kwana goma sha tara suka ƙara a haka, ɓaunaye da la'asar, gungume da safe. Igiyar ba ta ƙaru sosai ba, amma ba ta sake raguwa ba. Ran na ashirin, suna kan ruwa bayan azahar, Sanneng ta ji gefen mayafinta ya motsa. Ta ɗaga kai. Can yamma sama ta haɗe, teku ta yi duhu daga nesa, duhun yana tahowa. Robobin igiyar suka fara rawa. Kafin su kai gaɓa raƙuman ruwa sun fara dukan jirgin, kuma ruwan da ya yi wata biyu garau ya koma ja kamar shayi da madara, tun daga bakin yashi har iyakar gani. Daeng Rannu ta hana Sanneng tuƙi. Ta ce a dakata tukuna. Ta cire malafa, ruwan sama yana wanke mata garin shinkafa daga fuska, tana kallon tekun tana motsa baki. A nan cikin jirgin ta yi wa Sanneng wata magana, wadda Sanneng ba ta faɗa wa kowa ba sai bayan shekaru.

Bayan wata ɗaya da rabi igiyar nan ta yi nauyin da mutum biyu suka ɗaga da ƙyar. Garin kuwa ba mai iri. Suka riƙa zuwa ƙarƙashin gidan ɗaya-ɗaya, suna sosa ƙeya, har da mai cewa ɓauna ta haihu. Daeng Rannu ba ta shanya ko reshe ba a girbin nan da na bayansa. Duk wanda ya zo ta cika masa ƙwarya, ta ce ya sassauta ɗauri. Kafin shekara ta zagayo, rabin gaɓar Ujung Bori ta koma launin hanta.

"To yanzu sai ki huta," Sanneng ta ce mata. "Irin ya bazu. Ko naki ya mutu, yana hannun kowa."

"Nasu nasu ne," in ji ta. "Ni aka ce in riƙe."

Ƙafar ba ta koma daidai ba, ba ta sake jan gungume ba. Amma ta ci gaba da zama ƙarƙashin gida tana ɗauri, hannunta yana tsayawa in mota ta rage gudu. Ta ƙara shekara biyu. A watan Sha'aban ta yi zazzaɓin kwana huɗu, ta cika bayan sallar asuba, kanta a cinyar Sanneng. Allah Ya ji ƙanta, Ya sa ta huta. Daeng Ngalle ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, yana kuka kamar ba shi ne mai tsokana ba.

Wata takwas bayan haka wani mutumin ƙauyen gaba ya dawo daga Sabah, ya zo yana tambayar gidan Daeng Rannu. Aka nuna masa Sanneng. Ya ce ya ga Sangkala da idonsa a wata gonar kwakwar manja, can cikin daji. Yana da rai, yana da mata da 'ya mace. Takardunsa sun ƙare tun da daɗewa, yana tsoron fitowa titi, kuma kunya ta hana shi kira, don ya tafi neman injin jirgi ga shi ko takalmin kirki ba shi da shi. Sangkala ya ce a gaida mahaifiyarsa. Sannan, har mutumin ya juya zai bar gonar, Sangkala ya kira shi ya ce a tambayar masa ko irin Babansa yana nan.

Sanneng ta miƙe. Ta shiga kwale-kwale ta je wurin turken mai tsaga uku, wanda sau biyu ana canza gorar tana mayar da tsagar da hannunta. Ta tsinko reshe mafi baƙi, ta shanya shi kwana uku, ta naɗe a ƙyallen tsohon zanen Daeng Rannu. Ta ba wani mai tafiya Nunukan, shi kuma ya ce ya san wanda ke ƙetarawa. Ta ce a faɗa wa Sangkala mahaifiyarsa ta rasu ba ta riƙe shi da komai ba, kuma ga amsar tambayarsa. Ko saƙon ya isa, Allah ne masani. Damina biyu ke nan.

Gungumen yana nan jingine da dirkar gidan. In teku ta kwanta ruwa ya yi garau, ba Sanneng kaɗai ke shiga ba yanzu, akwai gungume huɗu ko biyar a gaɓar, kuma an daina dariya. Wasu shekarun abin ya yi amfani, wasu kuwa zafi ya rinjaya a yi asara duk da haka. Ita dai igiyar da ke jikin turken ba ta taɓa zama fayau ba. Sanneng ta fara furfura. Ranar nan wata yarinya amarya da ke koyon ɗauri ta tambaye ta me ya sa hannunta ke tsayawa in motar Makassar ta rage gudu. Ita Sanneng ba ta ma san tana yi ba.

Maganar da aka yi mata a cikin jirgi, ranar da iskar yamma ta zo, ba doguwa ba ce. Daeng Rannu ta kamo hannunta, wannan hannun da ta taɓa shafa wa man kwakwa, ta ce:

"Sanneng, abu ɗaya zan roƙe ki, ban taɓa roƙon kowa ba. In yaron nan ya zo ba na nan, kada ki fara kai shi maƙabarta. Ki ba shi abinci ya ci, ki sa shi a jirgi, ki kawo shi nan ya ɗaga igiyar da hannunsa, ya ji nauyinta. Kafin ranar kuwa, duk lokacin da kika ga ruwa ya yi kyau, ki shiga ki dama mini shi."